Ajin Kwatancen Malam Gobe

Malam Gobe ba sunansa na yanka ba ne. Yara ne suka laƙaba masa, malamai suka karɓa, daga baya shi ma ya koma amsawa. Zai shiga aji da alli a hannu, ya rubuta kwanan wata a saman allo, ya ja layi a ƙarƙashinsa a tsanake. Ya juyo ya dubi yara kamar mai shirin faɗin babbar magana, sannan ya ce, "To, gobe za mu shiga ciki sosai." Sai ya miƙa wa ɗaya daga cikinsu littafi ta kwafa musu a allo, shi kuma ya fice baranda. A can akwai wani benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da rabin bulo. Bencin ya san bayansa fiye da yadda yara suka san muryarsa.

Lissafi yake koyarwa, in ji takardar ɗaukarsa aiki. Makarantar ta kuɗi ce, ƙarama, a bayan layin masu walda. Mai ita tayoyi ya fara sayarwa, kafin ya gano cewa yara ba sa yin faci. Bara Malam Gobe ne ya riƙe ajujuwan biyu, A da B. Da iyaye suka fara ƙorafi, mai makaranta ya ɗauko wani matashi sabon gama karatu ya ba shi A. Sabon Jini ake ce masa. Shi ke riga kowa zuwa, yana goge allo da hannunsa kamar wanda aka yi wa asiri.

A makon farko na zangon Auta ta zo. Ƙanwar Malam Gobe ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Digiri na biyu take yi a fannin ilimi, saura mata bincike kawai. Ta shigo ofishin mai makaranta da jaka cike da katuna masu launi, aka kira malaman lissafin biyu.

Ta yi bayani. Sabuwar hanyar koyarwa ce take son gwadawa. Yara za su zauna rukuni-rukuni, a ba su katuna, su lalubo amsa da kansu. Aji ɗaya za a yi wa haka, shi ne ajin gwaji. Ɗayan ba za a taɓa shi ba, shi ne ajin kwatance, wanda za a auna na farkon da shi. Za a yi wa duka biyun jarrabawa yanzu, a sake yi musu a ƙarshen zango, a ga wanda ya fi motsawa.

"Wane aji ne zai samu katunan?" in ji mai makaranta.

"Ba ni zan zaɓa ba, yallaɓai. Ƙa'idar bincike ta hana. Ƙuri'a ake yi, don kada son rai ya shiga."

Ta ciro kwandala daga jaka. Ta ce in ta faɗi ta fuskar da ke da hoto, A ne ajin gwaji. Ta cilla. Ba hoto ba ne ya fito. Ta ce ta bugi gefen tebur, ba a ƙirga wannan. Ta sake cillawa, ta ce hannunta ya zame. Da ta sake, hoton ya fito, ta yi sauri ta dafe shi da tafin hannu.

"A ne ajin gwaji. Kowa ya gani."

Kowa ya gani ɗin. Malam Gobe bai damu ba. Katuna aiki ne, rukuni-rukuni hayaniya ce.

"Ni me zan yi?" ya tambaya.

"Ba komai, Yaya. Ka ci gaba yadda ka saba. Kada ka canza ko da abu ɗaya."

Tun da ya fara aiki ba a taɓa ba shi umarnin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Har ya miƙe zai fita, sai mai makaranta ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Wannan bincike ya zo a kan gaɓa. Ba zan iya riƙe malamin lissafi biyu ba bayan wannan zangon. Da ina ta tunanin yadda zan zaɓa ba tare da an ce na yi son kai ba. To ga ilimi ya kawo kansa har gida. Wanda ajinsa ya yi gaba, shi zai zauna."

Sabon Jini ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Malam Gobe ya dubi ƙanwarsa. Ita jakarta take ta gyarawa.

Aka yi jarrabawar farko. Ajujuwan biyu suka faɗi warwas, kuma daidai wa daida, kamar an auna da sikeli. Auta ta dawo daga jami'a tana murna. Farfesan da ke duba aikinta ya ce bai taɓa ganin ajujuwa biyu da suka tashi daga wuri ɗaya haka ba, ya tambaya ko wane ne ya koyar da su bara. Ta ce ta kawar da zancen.

Ta sa aka kai kujerar roba bayan kowane aji, don ta riƙa zama tana rubuta abin da ke gudana. Ranar da ta zauna a B, Malam Gobe ya yi yadda ya saba. Kwanan wata, layi, gobe, baranda. Amma bencin bai karɓe shi ba ranar. Ta taga yana hango ta, kanta a duƙe, biro yana ta tafiya. Mutum bai yi komai ba, me ake rubutawa haka?

Da aka tashi ya tare ta a bakin famfo.

"Ke, me kike ta rubutawa?"

"Abin da na gani."

"Me kika gani?"

Ta buɗe ta karanta masa. "Malami ya shiga. Malami ya rubuta kwanan wata. Malami ya fita. Ɗalibai na baya suna cinikin biro. Malami yana kan benci, takalminsa ɗaya a cire."

"Har da takalmin?"

"Komai ake rubutawa."

"Wa zai karanta?"

"Farfesa. Da masu jarraba ni daga waje. Kwafi ɗaya ɗakin karatun jami'a, ɗaya mai makaranta."

Ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga. "Auta, kwandalar nan. Hannunki bai zame ba."

Ta duba hagu da dama, ta rage murya, kuma ga alama yabonsa take nufin yi. "Yaya, ka san makarantu nawa na zagaya? Duk inda na je sai in tarar malamin yana ɗan taɓa wani abu. Wannan yana ba da aikin gida, wancan yana zuwa ranar hutu. Farfesa ya ce in nemi ajin da ba abin da ke faruwa a cikinsa, don duk abin da ya motsa a ɗayan a san katunan ne. Na rasa. Sai kawai ka faɗo min a rai. Irin ajinka ba ya samuwa, wallahi."

"Na gode."

"Ni ce da godiya."

"Kin ji abin da mai makaranta ya ce a kan aikina?"

"Kai ma ka san ba zai kore ka ba. Shekarunka nawa a nan?"

Ya sani sarai zai kore shi. Mutumin da ya sallami mai gadi don ya yi tari lokacin da baƙi suka zo.

Ranar hutun ƙarshen mako, da hantsi, ya nemi littafin lissafin 'yarsa. Ya zauna a tsakar gida ya buɗe babin raba lamba kashi-kashi. Abin ya tsaya masa a wuya. Ya san ya taɓa sanin wannan, kamar yadda mutum kan san ya taɓa zama a wata unguwa, amma ya kasa gane ƙofar gidan. Matarsa ta wuce da bokitin wanki, ta tsaya, ta dawo baya.

"Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau."

"Littafi ne fa a hannunka."

"Na gani."

Ta ajiye bokitin ta taɓa goshinsa.

Da aka koma makaranta, ya shiga B ya rubuta kwanan wata, ya ja layi. Yara suka fara tura littattafansu gefe, wasu na ciro abin wasansu daga ƙarƙashin tebur. Ya juyo ya ce, "To." Suka jira sauran. Sai ya koma allo ya zana da'ira, ya raba ta gida huɗu.

Yara suka dubi juna. Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yau ce goben?"

"Yau ce. Rufe min baki."

Bai san sunan kowa ba. Ya riƙa kiransu da kai mai jan biro, ke ta kusa da taga. Ya gano cewa na layin baya ba sa ganin allo saboda hasken da ke dukansa, kuma shekara guda ke nan ba wanda ya faɗa, don ba abin gani. Ƙurar alli ta sa shi tari. Ya yi kuskure a misali na biyu, wani ya gyara masa, ya ce da gangan ya yi don ya ga masu barci. Kafin a kaɗa ƙararrawa rigarsa ta manne da bayansa. A bayan aji, biron Auta ya daɗe da tsayawa.

Ta biyo shi har ɗakin malamai.

"Yaya, mene ne haka?"

"Darasi."

"Ka gurɓata min bincike."

"Koyarwa ce gurɓatawa?"

"A ajinka, ƙwarai. Kai ajin kwatance ne. Ka sa hannu a takarda cewa ba za ka canza komai ba."

"Haka na saba."

"Tun yaushe?"

"Tun yau."

Ta roƙe shi, ta yi masa fushi, ta karanto masa abin da manyan masana suka faɗa a kan ajin kwatance da ya ƙi zama wuri ɗaya. Ya ce ta gaishe su. Da ta ga ba ci, sai ta kai ƙara inda ake kaiwa.

Mama ta aiko a kira shi. Ya same ta a kan tabarma tana tsince wake a faranti, Auta a gefenta da jajayen idanu. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

"An ce ka fara aiki."

"Mama, aikin ne ake son raba ni da shi."

"Shekara da shekaru kana zaune lafiya, ba wanda ya ji kanka. Ubanku ya yi faɗa har ya gaji ya koma ga Allah, ba ka motsa ba. Sai yanzu da yarinyar nan take buƙatar zamanka, shi ne za ka tashi tsaye? Wannan ai baƙin hali ne."

"Yarana fa, Mama? In an kore ni me za su ci?"

"Kai ne babba. Ka zauna mata na wata uku, in ta karɓi takardarta sai ka koyar har ka gaji."

Ya ce to. Da gari ya waye ya shiga aji ya ba da aikin gida.

Daga nan Auta ta tare a B. Ta daina leƙa A gaba ɗaya, don a ganinta can komai na tafiya, ga katuna ga malami mai jini a jika. Nan ne wutar take. Ta zauna a kujerarta tana rubuta duk laifin da ya yi wa ilimi: malami ya yi tambaya, malami ya zagaya ya duba littattafai, malami ya maimaita don wata ba ta gane ba. In ya ɗago ya ga tana harararsa, sai ya ƙara misali ɗaya. Ba son yaran ne ya kama shi ba, kada a yi masa ƙarya. Tsoro ne, da haushi. Amma yara ba sa tambayar dalilin da ya sa aka koya musu abu. Suka fara ganewa, har suna rige-rigen fitowa allo. Wata rana ya ji kansa ya kira ɗaya da sunanta na gaskiya, abin ya ba shi kunya.

Wani lokaci a tsakiyar zangon ya fito baranda shan iska tsakanin darasi, sai ya tarar da mutum a kan bencinsa. Sabon Jini ne, ya miƙe ƙafa, waya a hannu. Daga A hayaniya ke tashi kamar tashar mota.

"Ba ka da darasi ne?"

"Suna ciki, Malam. Hanyar ke nan. Su ne za su lalubo da kansu, malami ba ya sa baki."

"Sun lalubo?"

"Suna kai."

Malam Gobe ya leƙa ta taga. Rukuni-rukuni suke, ba shakka. Katunan ma suna hannunsu. Sun raba su bakwai-bakwai, mai ja yana cin mai shuɗi, wani yana riƙe da maki a bayan littafi. Kujerar roba tana can baya, an ɗora mata tsintsiya.

Ya dawo ya dubi matashin. Ya ga yadda ya karkata jikinsa hagu don kada bulon ya goce. Shi sai da ya yi shekara kafin ya gano wannan dabarar.

"Ka sa bulon a kwance," ya ce masa. "Ya fi zama."

Bai gaya wa Auta ba. Ba a tambaye shi ba.

Jarrabawar ƙarshe ta zo. Aka jera yara, aka raba takardu, Auta ta kwashe ta tafi da su. Bayan 'yan kwanaki sakamako ya iso ofis. B ta yi gaba da nisa. A kuwa tana nan inda aka same ta, sai dai yaran sun ƙware a raba kati.

Mai makaranta bai ɓata lokaci ba. Ya kira Sabon Jini ya ce ba shi ya kore shi ba, bincike ne. Matashin ya tattara littattafansa a leda, ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya yana sallama. Da ya zo kan Malam Gobe ya ce, "Ta ce min hanyar ce za ta yi aikin." Malam Gobe ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, yana kallon wani wuri. Yaran A ba wanda ya ce musu komai. An gama da su.

Ya sa ran Auta ba za ta sake yi masa magana ba har bikin wani a dangi. Ya ma shirya abin da zai ce wa Mama. Sai ga ta da yamma a gidansa, ta sha kwalliya, ta kawo wa yara biskit. Ta gaishe shi har ƙasa. Nan ya sha jinin jikinsa.

"Na kai wa Farfesa," in ji ta. "Na shiga ina kuka. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce ban san abin da Allah ya ba ni ba."

"Me ya ba ki?"

"Katunan ba su ne binciken ba. Kowa yana yin katuna. Ya ce a jefar da su. Ya tambaye ni, wane aji kika zauna a ciki? Na ce B. Wanne ne ba ki zauna ba? Na ce A. Ya ce to ga ajin gwajinki, ga na kwatancenki, kin yi su a juye ba ki sani ba. Kujerar ce maganin."

"Wace kujera?"

"Tawa. Mun canza taken. Yanzu ya zama tasirin sa ido a kan malami mai kasala."

Matarsa, da ke bakin ƙofar kicin, ta juya ta shige ciki da sauri. Ana jin ta tana tari.

"Ina da komai a rubuce," Auta ta ci gaba. "Yadda kake a da, yadda ka koma. Babi na huɗu gaba ɗaya kai ne. Farfesa ya fi son wurin takalmin."

"Auta. Sunana za ki sa a littafi?"

"Haba Yaya, ƙa'ida ta hana. Ana ɓoye sunan wanda aka yi bincike a kansa. Malam G kawai za a rubuta."

"A makarantar da malamin lissafinta ɗaya ne."

"Ita ma ba za a faɗi sunanta ba. Wata makaranta a bayan layin masu walda."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Ba kujerarki ba ce. Tsoron kora ne."

"Ka faɗa a rubuce? Ba ya cikin abin da na auna."

Sabon zango ya kama. An rushe bangon katakon da ke tsakanin A da B, aji ya zama ɗaya, dogo kamar rumfar kasuwa, duka nasa. Mai makaranta ya karanta shafin ƙarshe na littafin Auta, inda ake ba da shawara, wannan shafin kaɗai ya karanta. Ya sa aka ɗauke bencin baranda aka kai wa mai gadi. Kujerar roba kuwa ya sa aka ɗaure ta da sarƙa a jikin tagar baya.

Ranar farko Malam Gobe ya tarar da Auta a bakin ƙofar ajin da sabuwar jaka.

"Me kuma ya kawo ki? Ba kin gama ba?"

"Na samu gurbin digiri na uku. Farfesa ya ce zango ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Sai an bibiya an ga ko abin yana ɗorewa, ko kuwa za ka koma gidan jiya."

"Har yaushe?"

"Shekara uku. In an samu jinkiri, huɗu."

"Kullum za ki zauna min a baya?"

"A'a. Wasu ranakun zan zo, wasu ba zan zo ba, don a kwatanta. Kuma ina iya shigowa a tsakiyar darasi."

"Waɗanne ranaku?"

"Ba a gaya wa wanda ake bincike a kansa. Ni ma ba ni zan zaɓa ba." Ta bubbuga aljihun jakar. Wani abu ya yi ƙara a ciki. "Ƙuri'a ce."

Ya san kwandalar. Ya san yadda take faɗuwa.

Ta wuce ofis gaida mai makaranta. Ya shiga aji. Yara sun cika shi har bakin ƙofa, rabinsu sun san raba lamba, rabinsu sun san raba kati. Ya rubuta kwanan wata, ya ja layi a ƙarƙashinsa a tsanake. Ya juyo. Kujerar tana can baya ba kowa a kai. Ta taga ana ganin baranda, da rabin bulo shi kaɗai a inda bencin yake a da.

"To," ya ce.

Suka jira. Ya saurara ko zai ji takun takalminta. Masu walda sun tayar da inji, ba a jin komai.

"Ku buɗe shafi na farko. Kai mai katin nan, kawo shi."